Haƙorin Ladan Zakariyya

A layinmu na Gyadi-Gyadi ba kiran salla ne ke fara sanar da mu lokaci ya yi ba, kurkurar bakin Malam Zakariyya ce. Da zarar ya tsuguna a bakin kwata da butarsa ta ƙarfe, ya cika kumatu da ruwa ya fara juya shi, sai ka ji ƙarar har cikin shagona, alhali tsakaninmu akwai titi da teburin mai rake. Sau uku yake yi, kowanne da iya ƙarfinsa, sannan ya furzar. Bayan minti biyu lasifika za ta ɗauka. Ni kuwa tun a kurkura ta biyu nake sauke ƙafa daga kan keken ɗinki in fara laluben takalmina.

Ni ne Shehu Tela, kuma Zakariyya taubashina ne, mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko, in ya ji haushi ya rama.

Yana da shekara goma sha tara ya baro ƙauyenmu ya shigo Kano, ya koyi gyaran agogo a wurin wani Bayarabe, Oga Oluwole. Da ya ƙware sai ya kafa ɗan akwatinsa na gilashi a bakin titi, kusa da ƙaramin masallacinmu. A wancan zamani mai gyaran agogo mutum ne. Ma'aikata na tsayawa da motocinsu su miƙa masa, shi kuma ya maƙala gilashi a ido ɗaya yana yi musu faɗa a kan wanka da agogo. Da wayar hannu ta zo sai sana'ar ta yi ta ramewa. Yanzu in ya canza batir biyu da maɗauri ɗaya a yini, an yi kasuwa.

Ladancin ma agogon ne ya jawo masa. Da tsohon ladaninmu ya rasu, dattawan layi suka duba suka ce, to, ga mai agogo uku a jiki, ɗaya a hannu biyu a aljihu, wa ya fi shi sanin lokaci? Shekara ashirin da shida ke nan, kuma bai taɓa fashi ba. Ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari a Unguwar Gano, ana shafa fatiha ya sulale ya bar ni da baƙi, wai azahar ta gabato. Har yau surukansa ni suka fi sani.

Murya kuwa, tsakani da Allah, ba a ba shi ba. In ya ja kira sai ka ce ana yanka katako da zarto. Mun saba, kuma shi ma ya san mun saba ne kawai. Ana nan sai ga wani Sani ɗan adaidaita, mutumin Rano, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya kama haya a layinmu. Wata rana a wurin suna aka ce ya buɗe taro da karatu. Da ya gama wani ya ce, "Kai, ina ma wannan ne ke kira mana salla." Zakariyya na zaune a tabarmar baya, ya ji. Tun daga ranar ya sayo kwaɗo ya garƙame akwatin lasifika, ya zura makullin a igiya ya rataya a wuya. Tsoronsa ɗaya ne a duniya: ranar da unguwa ta ji kiran Sani sau ɗaya, ba za ta sake neman nasa ba.

Wannan tsoro ne ya sa ya yi shekara biyu yana ɓoye ciwon haƙori. Wani haƙorin tauna ne na can ƙurya, ta hagu a ƙasa. Ya danna masa kanumfari, ya danna masa tafarnuwa, ya gwada kanwa, ya mayar da cin goro ɓangaren dama. In ka ce masa, "Ladan, ya na ga kana riƙe kunci?" sai ya ce tunani yake yi. Sai da kuncin ya kumbura har idonsa na hagu ya ƙanƙance, sannan matarsa Indo ta aiko a kira ni.

"Malam Shehu," ta ce, "ka kai ɗan'uwanka asibiti, ko ka ɗaure shi ne. Ni na gaji da warin tafarnuwa."

Da ƙyar ya yarda, shi ma da sharaɗin a tafi da hantsi a dawo kafin azahar. Muka fito neman abin hawa, adaidaitar da ta fara tsayawa kuwa ta Sani ce. Bawan Allah ya sauko har da rusunawa yana, "Baba Ladan, sannu, Allah ya sawwaƙe." Zakariyya ya ce lafiyarsa ƙalau, ni zai raka.

Wani ƙaramin asibitin haƙori muka je a Tarauni. Likitar sunanta Ifeoluwa, Bayarabiya ce haifaffiyar unguwar, Hausa a bakinta ta fi tawa gyara. Ta ba shi magani na kwana biyar kumburin ya saɓe, muka koma. A ranar cirewa haƙorin ya nuna halin mai shi, ya ƙi fita. Da ta kama sai ya ruguje. Sai da ta ƙara allurar kashe zafi, ta tsaga dasashi, ta zaro saiwar gutsure uku, sannan ta ɗinke. Na leƙa na duba ɗinkin a matsayina na tela, ban ga abin kushewa ba.

Ta cusa masa auduga ta ce ya cije, ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Jini zai daskare a cikin ramin nan, wannan gudan jinin shi ne murfi. A ƙarƙashinsa nama zai tsiro. In murfin ya fita ƙashi zai zauna a buɗe, kuma ciwon da ka sha a baya wasa ne. Daga yanzu zuwa gobe war haka, ba kurkurar baki, ba tofar da yawu, ba asuwaki, ba abu mai zafi. Goro kuwa a manta da shi tukuna."

Ya gyaɗa kai.

"Na san za ka yi alwala," ta ce. "A nan na tashi, na san yadda ake yi. Ka shafa ruwa a leɓe kawai, in kana shakka ka tambayi limaminku. Wace sana'a Baba yake yi?"

Na ce ladan ne.

"To, a ba wani ya riƙa kira na kwana uku, muƙamuƙin ya huta."

Zakariyya ya yi wani gurnani ta cikin auduga. Ita ta ɗauka amincewa ce. Ni da na san shi tun muna yara na san ba ita ba ce.

Ba jahilci ne ya kai shi ba, wannan ina so a sani. Shi da kansa yake koya wa masu zuwa masallaci cewa kurkurar baki sunna ce a alwala, ba farilla ba, mai lalura in ya bari alwalarsa ta yi. Na ji shi ya faɗa ya fi sau ɗari. Amma kurkurarsa ita ce shelarsa. In layi bai ji ta ba za a ce Ladan ba lafiya, in aka ce ba lafiya za a ce a taimaka masa, in aka tashi taimako kuwa an san wanda za a tura.

Azahar na yi na hango shi ya tsuguna a bakin kwata. Ya zare audugar ya ajiye a gefe kamar mai cire hula. Na fito ƙofar shago ina ɗaga masa murya, "Ladan! Likita fa!" Ko waiwaye bai yi ba. Ya cika baki ya juya ruwan nan sau uku, har ya fi na kullum ƙarfi, don duk mai shakka ya ji. Abin da ya furzar ja ne wur. Ya miƙe ya shiga ya kira salla da leɓe rabi a mace. Da ya fito ya dube ni ya ce, "Ka ga? 'Yan boko da tsoro."

Haka ya yi a la'asar, ya yi a magariba, ya yi washegari. Har na fara tunanin ko ya sha.

A rana ta uku da la'asar abin ya zo. Ya yi kabbara biyu lafiya. Da ya buɗe baki zai ja mai tsawo, sai muryar ta katse kamar an ɗauke wuta. Wutar kuwa tana nan, domin abin da lasifika ta watsa wa Gyadi-Gyadi bayan nan shi ne, "Wayyo Allah, kunnena!" Na yar da almakashi na tsallaka titi a guje. Na same shi zaune dirshan a ƙasa, hannu biyu a kunci, hawaye na bin gemu. Ya ce ciwon ya taso daga ramin ya bi muƙamuƙi ya shige kunne har tsakar ka.

Liman Malam Ibrahim ya duba jama'ar da suka fara taruwa. Ba a barin kira a rabi. Idonsa ya sauka a kan Sani, wanda ya ajiye adaidaitarsa ya zo salla. Sani bai yi rawar jiki ba, ya durƙusa a gaban Zakariyya ya ce, "Baba, ka ba ni izini?" Zakariyya ya ɗaga hannu alamar ya je, bai dube shi ba.

Ba zan yi ƙarya ba, tsikar jikina ta tashi. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Mata suka riƙa ɗaga labule suna leƙe. Muryar nan ta fita sumul, ta hau ta sauko ba gargada. Ban san na lumshe ido ba sai da na buɗe na ga Zakariyya ni yake kallo daga inda yake zaune. Na ji kunya ƙwarai, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

Muka koma Tarauni a ranar. Likita ta haska bakin, ta dube ni, ta dube shi.

"Baba, ka wanke murfin."

Ya ce shi dai alwala ya yi.

"Sau nawa?"

Na ce sau uku a kowace salla, kuma ana jin sa daga tsallaken titi.

Ta yi ƙoƙarin haɗe dariya, ta kasa. Ta wanke ramin a hankali, ta cusa wani ɗan ƙyalle mai magani a ciki. Kafin minti goma sai na ga kafaɗunsa sun sauko. Ya ja numfashi, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai kanumfari ne," in ji shi.

"Akwai mansa a ciki."

"Ashe ku ma kanumfarin ne. To, me ya kawo ni?"

"Taurin kai," ta ce. "Yanzu kwana ukun sun zama goma. Duk bayan kwana biyu ka zo a canza maka. Ruwan ɗumi da gishiri kaɗan, ka sa a baki, ka karkata kai dama, ka karkata hagu, ka buɗe baki ya zubo da kansa. In na ji labarin an ji ƙara daga tsallaken titi, ni da kaina zan zo Gyadi-Gyadi."

Kwana goman nan Indo ce ta yi mulki. Kunun gyaɗa sai ya huce, faten dankali sai ya yi laushi, ruwan gishiri bayan kowane abinci, tana tsaye a kansa da ƙwarya. Goronsa ta kwashe ta rabar wa maƙwabta yana ji yana gani. 'Yan dubiya kuwa kowa da maganinsa. Wani ya ce toka, wani ya ce fetur a auduga, wani bakanike ya rantse da ruwan batir. Shi wannan Indo ba ta bari ya gama zama ba, ta ce a gaida gida.

Ina shiga wurinsa kullum bayan azahar. Zan same shi a kishingiɗe da agogo a tafin hannu. Ranar farko ya tare ni da fara'a, "Minti biyu da rabi Sani ya makara." Washegari ya ce minti ɗaya. Ba abin da ke sa shi shan kunu da daɗi irin makarar Sani. A rana ta biyar na shiga na same shi ya kife agogon a kan tabarma, kunun na gefe bai taɓa ba.

"Yau fa?" na ce.

"Daidai ya kira. Ko daƙiƙa bai ƙara ba."

Na yi niyyar tsokanarsa, sai na fasa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Shehu," ya ce, "da sana'ar agogo ta mutu ban damu ba, na ce ina da ladanci. Na san muryata. Ba yau na san ta ba. Na ɗauka dai in mutum bai taɓa fashi ba, ba za a sami ranar da za a gwada shi da wani ba." Ya taɓa igiyar wuyansa inda makullin ya saba zama. "Ni da hannuna na ba su ranar."

A rana ta goma likita ta cire ƙyallen ƙarshe, ta ce nama ya rufe ƙashi, yana iya komawa aikinsa amma a bi a hankali. Bayan la'asar sai ga Liman da Sani sun yi sallama a zaure. Zakariyya ya sa babbar riga ya fito, kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ni ma ina wurin.

Liman mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ce jama'a sun yi magana, suna son Sani ya riƙe magariba da lisha, lokacin ya tashi daga aiki. Sauran ukun suna nan a hannun Ladan.

Sani ya karɓe da sauri, "Wallahi Baba, kwana goman nan na wahala. Ina Unguwa Uku da fasinja sai in ga lokaci, in sauke mutane in juyo suna zagina. Ni ban san yadda ka yi shekara ashirin da shida ba." Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a gabansa da hannu biyu. "Wannan kuma a wurinka zai zauna. Da magariba in zo in karɓa."

Zakariyya ya ce Allah ya yi albarka, ya ce hakan ya yi. Ya raka su har ƙofa. Da muka shiga tsakar gida ya zauna a kan turmi, makullin na lilo a hannunsa.

"Ka gane rabon?" ya ce da ni. "Magariba da lisha kowa na gida, kowa na ji. Ni an bar min asuba suna barci, azahar da la'asar suna kasuwa. An bar min waɗanda ba mai saurare."

Indo na bakin murhu tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Ba mai saurare," ta ce. "To, ni kujera ce a gidan nan?"

Ya ce ba haka yake nufi ba.

"Malam, shekara biyu da suka wuce, wata Talata da la'asar, ka zo inda ka saba ja sai ka datse. A ranar na san haƙori ne, kuma na san na hagu ne, tun kafin ka fara satar min kanumfari a gwangwani. In mura za ta kama ka, a azahar nake ji, kafin ka dawo na dafa citta. Ranar da aka ɓata maka rai a bakin titi ina sani. Ranar da ka fita ba ka karya ba ina sani." Ta zubar da tsakuwar da ta tsince. "Yaron nan Sani muryarsa da daɗi, ban hana ba. Amma kwana goma yana kira, ni ban ji komai a ciki ba sai cewa lokacin salla ya yi. Naka nake ji in san lafiyar gidana."

Zakariyya ya buɗe baki, ya rufe. A iya sanina da shi wannan ne karo na farko da ya rufe baki ba likita ce ta sa shi ba. Ya mayar da makullin a igiyar wuyansa, ya ce wai hayaƙin murhu ne ke shigar masa ido. Ni ma hayaƙin ya same ni, na yi sallama na fita.

Washegari da azahar na kusa rasa jam'i. Ina kan keke ina jiran ƙarar da na saba, shiru. Da na ɗaga kai sai na hango shi a bakin kwata, ya sa ruwa a baki, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya buɗe baki ruwan ya zubo da kansa. Mai rake ya dube ni, na dube shi. Can lasifika ta ɗauka, zarton nan namu ya kama katako, ya ja har ƙarshe bai datse ba.

Bayan salla na biya ta gidan don in kai wa Indo wani zane da na kafe mata. Na ce, "To, likitar gida, me kika ji?"

"Ya warke," ta ce. Ta karɓi zanen tana duba kafin. "Amma ka gaya wa ɗan'uwanka na ji goro."